Faifan da Na Cika wa Kawu

A danginmu ni ne masanin kwamfuta. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, bayan kwas na wata uku da wata takardar shaida da na sa a gilashi na rataye a shagona na Birnin Kudu. Aikina a shagon bai wuce buga takardu da fotokwafi da cike fom ga masu neman makaranta ba. Amma in waya ta ƙi kunnuwa a gidan biki ni ake nema, in rediyo ya yi shiru ni ake nema, har injin markaɗe an taɓa kirana in duba, kuma na je na duba. Kalmar "ban iya ba" ta fi ƙarfin bakina a wancan lokacin.

Kakana na wajen uwa malami ne a Gwaram, kowa Malam yake ce masa har 'ya'yansa. Ɗalibansa magidanta ne, wasu da furfurarsu, suna zuwa daga Sara da Zandam a kan kekuna da babura in an taso daga gona. Ɗalibi ya karanto Larabcin littafin fikihu, Malam ya fassara, in wurin ya yi tsauri ya kawo misali da awaki ko rijiya ko rabon gona, har wanda bai da kai ya gane. Bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba. Ni tsakanina da shi sai wasan jika da kaka. Yana kirana mai danne-danne, ni kuma ina tambayarsa yaushe zai bar mana duniyar mu sarara.

Kawu, ƙanin Inna, shi ya gaji zauren. Shekaru kafin rasuwar Malam ya riƙa ajiye rikoda a gefen buzunsa yana ɗaukar karatun, littafi bayan littafi, har kaset ya cika kwali biyu. Niyyarsa ya zauna ya rubuce su su zama littafi. Bayan rasuwar, ɗaliban suka haɗu suka saya masa laftof don wannan aikin, ni kuma na ɗauki nauyin kwashe kaset ɗin zuwa cikinta. Duk ƙarshen mako na hau mota na tafi Gwaram, na haɗa waya daga rikoda zuwa laftof, na zauna kaset ya gama juyawa, na sa wa fayil suna. Rani guda na yi ina wannan. Har yau ban yi wani aiki da ya fi shi kyau ba a rayuwata, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo.

Ranar da na gama na bugi ƙirji na ce, "Kawu, kaset ya gama aikinsa. Abin da ke cikin nan ko jikokinmu sa ji." Na kuma yi masa alkawarin zan sayo wani faifan in yi kwafi na biyu a ajiye a wani wuri daban, abin da aka koya mana da sunan bakof. Na faɗi kalmar da ƙarfi don ɗaliban da ke zaune su ji. Faifan dai ban saya ba, yau da gobe har na manta. Kwalayen kaset aka kai su ɗakin shirgi, rufin ya yi ta ɗiga damina biyu, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Ba wanda ya damu, tunda ni na ce kada a damu.

Kawu kuwa bai fara rubutun ba. Ga karatun zaure, ga gona, ga masu kawo ƙarar aure da gado. Inna takan yi masa faɗa duk sanda suka haɗu, don ita ce babba kuma ita ta fi kowa shaƙuwa da Malam. Ya ce mata, "Yaya, in aka yi kaka zan zauna." Kaka ta zo ta wuce, ya ce in an sha ruwa.

Wata rana ya aiko min da laftof ɗin ta hannun wani direban bas, a naɗe cikin darduma, da saƙon cewa ta yi nauyi, sai a kunna ta a je a yi alwala a dawo ba ta gama farkawa ba. Ranar kasuwa ce, shagon cike. Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi, a wanke ta a sake zuba mata manhaja.

Abin da ke riƙe ajiya a cikin kwamfuta shi ake ce wa had-dis, ni dai faifai nake ce masa. Na Kawu ni da kaina na raba shi gida biyu tun farko, abin da ake kira fatishan. Gida ɗaya na manhajar da ke tafiyar da injin, ɗayan na karatun Malam. Wanda zan yi wa fomatin, wato in share shi tas, shi ne na farko. To a wurin da ake zaɓa ba a rubuta sunaye, lamba ce da girma kawai, layi biyu ɗaya a kan ɗaya. Wata mata tana tsaye a kaina tana jiran fom ɗin 'yarta, janareto yana tari, wasu biyu a bakin ƙofa suna gardamar ƙwallo ni kuma ina sa musu baki. Na zaɓi layi na danna. Injin ya tambaye ni ko na tabbata. Ni da ban taɓa rashin tabbata ba a rayuwata, na sake dannawa.

Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Da idona ya koma kan allon na ga girman gidan da na share, sai na gane na karatun Malam ne. Na sallami matar ban san me na buga mata ba. Na gama zuba manhajar, na buɗe gida na biyu ina addu'ar idona ne ya yi min gizo. Fili fetal. Babu folda, babu fayil, babu ko ɗigo. Na rufe na buɗe ya fi sau goma, kamar mai leƙa tukunyar da ya san ba kowa ya cinye ba sai shi.

Mai hankali a nan zai rufe murfin, ya nemi wanda ya fi shi sani. Ni ban san akwai abin tambaya ba, a kwas ɗinmu an ce fomatin ba ya barin komai, kuma ko da na sani, wa zan je in ce wa na kasa? Abin da ya zo min a rai shi ne tarbiyyar gidanmu. Inna ba ta taɓa mayar da kwano wayam ba. In maƙwabta sun kawo tuwo, kwanon zai koma da gyaɗa ko kuka ko da ƙulli ɗaya na daddawa ne, in kuwa babu komai a gidan, kwanon ya kwana har a samu. Da wannan na tashi, kuma da gaske nake jin kunyar in miƙa wa Kawu injinsa babu komai a ciki. Na ce tunda na zubar masa da nasa, bari in cika masa da abin da zai rage zafi.

Kwana uku na yi ina yawo wajen masu tura karatu a waya, na bakin kasuwa da na tasha. Na kwaso ƙira'o'in manyan alarammomi sauka-sauka, da tafsirai na shekara da shekaru, da littattafan Larabci masu mujalladi ashirin waɗanda Kawu ya daɗe yana sha'awa. Na yi ta zubawa ina kallon layin da ke nuna cikar faifan yana tafiya, har ya koma ja. Ina tuna daɗin da na ji da ya yi jan. A raina na yi abin kirki, na ma ɗan yafe wa kaina.

Ni na kai masa da kaina. Na same shi a zaure bayan la'asar, ɗalibai sun watse saura biyu. Tun a mota na shirya maganata, don haka ba ta yi min wuyar fita ba.

"Kawu, bairos ne ya shiga, cutar kwamfuta. Ya cinye karatun Malam gaba ɗaya. Na yi iya yina."

Bairos ba shi da dangi a Gwaram, ba wanda zai tsaya masa, sai na shafa masa kashin kaji hankali kwance. Kawu ya yi salati, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya ce, "Har Risala?" Na ce har ita. Na yi sauri na buɗe injin na nuna masa abin da na zuba, ina lissafo masa sunayen littattafai kamar ɗan talla. Ya kalla, ya gyaɗa kai, ya ɗora hannunsa a kaina a gaban ɗaliban nan biyu ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka yi ƙoƙari. Laifina ne, ni na yi ta jan ƙafa." Na ce amin. Wallahi na ce amin.

Da labari ya kai wa Inna, ba ta yi kuka a gabanmu ba, fushi ta yi. Ta ce shekara nawa tana faɗa masa ya zauna ya rubuta, ya mayar da ita mahaukaciya, ga shi ya salwantar da abin da ubansu ya bari. Gona ce ko gida da za a sake saya? Duk sati tana ba direba ƙullin daddawa da kuka ya kai wa Kawu, tun aurenta take yi, sai ta daina. In ya kira waya ta amsa gaisuwa a taƙaice ta miƙa wa wani. Da matarsa ta haihu ta je suna, ta zauna wajen mata, ta dawo ba ta leƙa zauren ba. Ni kuma ina cin tuwonta kullum, tana ce min, "Kai dai ka yi naka, ɗan albarka, rani guda kana wahala ya tashi a banza." In ta faɗi haka sai in haɗiye loma in ƙara wata.

Bayan wata huɗu wani ɗalibin Kawu ya gaya masa cewa a Kano akwai masu dawo da abin da ya ɓace a kwamfuta. Kawu ya kira ni, ya ce in taimaka in kai, tunda ni na san yarensu. Ba yadda zan ƙi. Na ɗauki injin na tafi, rabin zuciyata na fatan a samu, rabi na tsoron abin da za a gano.

Mai gyaran wani dattijo ne mai ƙaramin shago a bene, teburinsa cike da faifaye matattu. Na ba shi labarin bairos. Ya ciro faifan ya haɗa da nasa injin, ya ce in je in yi salla in ci abinci, binciken zai ɗauki lokaci. Da na dawo na tarar yana kallon allo yana girgiza kai.

"Malam, wannan faifan lafiyarsa ƙalau. Ba bairos, ba ko sakta ɗaya da ta lalace. Fomatin aka yi masa."

Na ce to, wataƙila.

"Wa ya zuba waɗannan karatuttukan bayan fomatin ɗin?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya gane, bai kuma tambaya ba. Ya jawo wani mataccen faifai da aka cire wa murfi ya ajiye a gabana. Ban taɓa ganin cikinsa ba, duk da takardar da ke rataye a shagona. Wani faranti ne ƙarami mai sheƙi, da siririn hannu a samansa. Ya ce farantin yana juyawa, kan hannun nan shi ke rubutu shi ke karatu, ba ya ko taɓa shi. Fuskar farantin a yanke take ƙanana-ƙanana, kowane yanki shi ne sakta, a nan ajiya ke zama.

Ya tambaye ni ko daga gidan malamai nake, na ce e. Ya ce, "To ka san fihirisar littafi. Faifai ma yana da tasa, inda aka rubuta fayil kaza yana sakta kaza. Fomatin irin na gaggawa, wanda kuke yi cikin minti ɗaya, fihirisar kawai yake yagewa. Shafukan suna nan ba abin da ya taɓa su, injin ne dai ya daina sanin inda suke, sai ya ce maka babu komai. Aikinmu mu bi sakta-sakta mu tattaro. Da a ranar ka kashe injin ka kawo min, da kafin magariba ka koma da kayanka, in ba duka ba to saura kaɗan."

Na ce, "Yanzu fa?"

"Yanzu an yi rubutu a kan rubutu. Duk saktar da sabon abu ya hau, na ƙasa ya tafi, ba ni ba, ko wanda ya ƙera faifan ba zai dawo da shi ba. Dokar farko a sana'ar nan ke nan: in abu ya ɓace, kashe injin, kada ka zuba ko hoto ɗaya. Kai kuwa ba zubawa ka yi ba, ɗurawa ka yi har wuya."

Ashe ranar kasuwar nan ban kashe muryar Malam ba. Tana nan kwance a ƙasa tana jira, kwana uku, ni kuma ina yawo cikin rana ina neman abin da zan binne ta da shi, ina murna layi ya yi ja. Abin da na zuba ba abin banza ba ne, Allah ya sani, amma ana samunsa a kowace tasha. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne. Na sauko daga benen na zauna a kan matakala na yi kuka, mutane na raɓa ni suna wucewa.

Daga can ƙarshen faifan, inda ɗurina bai kai ba, dattijon ya tsamo guntaye bakwai. Duka-duka ba su kai minti goma ba. A ɗaya Malam yana bayanin taimama, maganar ta yanke a tsakiyar jimla. A wani zakara ya yi cara, Malam ya ce a kore shi, ɗalibai suka yi dariya. Na kai wa Kawu a filash, na ce abin da aka iya ƙwatowa daga bairos ke nan. Ya sake sa min albarka. Inna ta saurara sau ɗaya, ta yi kukan da ba ta yi ba a farko, sannan ta ce a gaya wa Kawu ya ji abin da sakacinsa ya jawo.

Daga nan Kawu ya zauna. Abin da bai yi ba lokacin da muryar take nan, ya fara yi da ka. Ya sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta, kullum bayan asuba ya rubuta abin da ya tuna, yana bin tsofaffin ɗalibai har gonakinsu yana tambayar yadda Malam ya fassara wuri kaza. Duk wanda ya cika sai ya kawo min shago in buga. A kusan kowane shafi akwai wurin da ya bari fari, ya rubuta a gefe da jan biro: a nan Malam ya kawo misali, na manta. Ni ne mai buga wannan jimlar. Na buga ta har yatsuna suka haddace ta.

Ranar da ya kawo littafi na huɗu da hantsi, ba kowa a shagon. Ya zauna a benci yana karanto min ina bugawa, don rubutunsa ya fara ƙanƙancewa. Muka zo babin gado, ya tsaya, ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Sannan ya ce, "Akwai wani misali da 'yan'uwa uku da rijiya. Sau nawa na ji shi. Bar fili." Ya ƙara da cewa, "Ranar lahira ban san me zan ce wa Malam ba."

Na ɗauke hannuna daga kan madannai. Na sauko daga kujera na durƙusa a gabansa, na faɗa masa komai, tun daga layi biyun da gardamar ƙwallo har zuwa maganar dattijon Kano. Ban rage ba, ban kuma ɗaga kai ba. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na samu sauƙi.

Ya rufe littafin. Sannan ya ce, "Da ba ka zuba komai ba, da an samu?"

Na ce, "Da an samu, Kawu."

"Duka?"

"Kusan duka."

Ya ce innalillahi, a hankali, sau biyu. Ya tattara littafinsa ya sa a aljihun babbar riga, ya sake ciro shi ya ajiye min a kan tebur. Ya miƙe ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa.

"Yaya ta sani?"

Na ce a'a, amma yau zan faɗa mata.

Ya juyo ya ce, "Ba za ka faɗa ba. Ni ƙaninta ne, ta saba fushi da ni tun ina rarrafe, kuma ta kusa gajiya. Kai kaɗai ne ɗanta namiji, a gidanka za ta tsufa. In ta ji, da wane ido za ta riƙa kallonka? Ka bar min laifin, na riga na ɗauka." Ya sa takalmin ya ce, "Ka gama babin nan kafin Juma'a."

Na gama kafin Juma'a. Littafin ya fito daga baya, siriri, ɗalibai suna karanta shi a zauren. Inna ta koma aika daddawa, amma har yau in aka ambaci Malam sai ta ce Allah ya yafe wa Kawu, ita dai ta yafe. A ɗakin da ke kusa da nawa take zaune yanzu. In ta faɗi haka takan juyo ta kalle ni don in ce amin, ni kuma ina cewa.